Garin da Mota Ba Ta Zuwa

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin Laraba, a agogon Kuala Lumpur, matar da ke zaune a teburin tambaya na filin jirgi ta dubi takardar makarantata, ta dube ni, ta ce mota ba ta zuwa Kuching. Na riƙe lokacin ne don agogon yana rataye bisa kanta, shi na tsura wa ido da na kasa kallon fuskarta. Na sake tambaya da Ingilishin da na koya cikin littattafai, ko za ta nuna mani tashar da ake shiga mota zuwa bakin ruwa, daga nan in hau jirgin ruwa. Ta jawo taswira, ta aza yatsa bisa garin da muke, ta aza wani bisa garin da za ni. Tsakanin yatsun nata babu komai sai shuɗi. Ta ce jirgin sama kawai ke zuwa, kuma tafiyar ba ta kai awa biyu ba.

Na yi godiya. Na ja akwatina na koma kan wani benci na zauna.

Sunana Barira, mutuniyar Madarumfa. Na samu bursi ne, wato tallafin karatu, in je in karanta ilimin ruwa da kifi a wata jami'a da ke bayan garin Kuching, a ƙasar Maleziya. Kawu Sallau, ƙanen mahaifiyata, shi ya ɗauki nauyin tafiyar. Direba ne, tun ban zo duniya ba yake bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa. Ranar da muka je yankan biyen jirgi, wato tikiti, a Maraɗi, mai sayarwa ya ce akwai wanda ya tsaya babban birni, akwai wanda ya zarce har Kuching, na biyun ya fi tsada. Kawu ya tambaya ko ƙasa ɗaya ce. Aka ce ɗaya ce. Ya ce to a yanka na babban birni, yarinya ta ƙarasa a mota, shi bai taɓa jin ƙasar da mota ba ta tashi daga babban birninta zuwa sauran garuruwanta ba.

Na riga na duba taswira, na san akwai ruwa. Cikin ƙaramar murya na ce, Kawu, akwai ruwa a tsakani. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce mu da gulbi ke yanke mana hanya kowace damina, an taɓa fasa cin kasuwa? In babu gada akwai kwale-kwale. Na dubi shuɗin a wayata, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Na kashe wayar. Gaskiya ma na yarda da shi, don ni ma duk ruwan da na sani yana da wancan ƙetaren da ido ke hangowa.

Abin da ya sa zufa ta keto mani a kan bencin nan ba kuɗi ba ne, ko da yake abin da ke cikin jakata bai isa sabon biye ba, bursin kuma sai an yi rajista yake fara fita. Inna na tuna.

Inna tana da ciwon sukari. Majo, babban malamin asibitinmu, ya hana ta azumi, ko na watan Ramadan ciyarwa take yi. Amma da tafiyata ta tabbata, ta tambayi kowa nisan garin, aka kasa ba ta amsar da ta gamsu. Ni na ce mata dubban kilomet, ta ce ita ba ta san kilomet ba. Kawu ya ce kwana uku ne cif, har da motar Yamai. Sai ta ce in kwana uku ne za ta iya. A gaban mutanen gida ta yi bakance: ba za ta ci ba, ba za ta sha ba da rana, sai ranar da Barira ta gaya mata da bakinta cewa ta sa ƙafa cikin makarantar. Na bar gida Litinin. Wannan Laraba ita ce azuminta na uku, wanda ta ɗauka a kan shi ne na ƙarshe. Lokacin kaka ne, ga zafin da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, ga sussuka.

Agogon Maleziya yana gaban namu da awa bakwai. A can rana ta yi sanyi, a gida hantsi ne. Na kira yayata Hinda, na gaya mata. Ta ce kada in damu, ba za ta faɗa wa Inna komai ba tukun. Na rubuta wa ofishin ɗalibai na makaranta, suka amsa da kirki cewa in na sauka filin jirgin Kuching in sanar da su.

A masallacin mata na filin jirgi na kwana, kaina bisa akwati. Barci bai san inda nake ba, yana zuwa a lokacin gida. In na lumshe ido sai in ga tafkinmu ya cika ya tumbatsa, itatuwa tsaye cikin ruwa har ƙugu, balbelu sun lulluɓe su kamar an shanya fararen kallabi. In na buɗe sai in ga wata baƙuwa tana sallame salla a gefena. Mata suna shigowa suna fita, kowace da jirginta. Na yi ta tunanin cewa ranar da ta faɗi a nan ba ɓacewa ta yi ba, tafiya take yi yamma, tana kan hanyar Madarumfa, can kuma tana tsaye bisa kan Inna.

Da safe na shiga mota zuwa babbar tashar birni. Na ce a raina matar jiya ma'aikaciyar filin jirgi ce, jirgi ta sani. 'Yan tasha su suka san hanya. Haka Kawu zai ce.

Tashar ta fi kasuwar Maraɗi girma, ga sanyi kamar cikin randa. Ina tsaye ina karanta sunayen garuruwa a allo, ina neman nawa, wani mutum ya matso. Yana da riga mai tsabta, da wani kati rataye a wuya. Ya yi mani sallama cikakkiya, har da barakatuhu. Ya tambayi inda za ni. Da na ce Kuching bai yi mamaki ba ko kaɗan, wannan ne ya kwantar mani da hankali. Ya ce ai da sauƙi: mota zuwa wani garin bakin teku da ake kira Mersing, daga nan jirgin ruwa. Na tambaye shi nisan. Ya ce kusa ne, in na yi sallar la'asar a wannan gaɓa zan yi isha'i a waccan.

Maganar Kawu ce sak, a bakin wani mutum, a wata duniya. Na ji kamar in yi kuka don murna. Ya yanko mani takardar mota ta gaske, sannan ya ba ni wata shuɗiyar takarda mai hoton jirgin ruwa da hatimi, ya ce ita ce ta ƙetarewa. Ita ta cinye kusan duk abin da nake da shi. Ya ɗaukar mani akwati har bakin mota, ya ce Allah Ya ba da ilimi mai amfani. Na ce amin.

Ban taɓa ganin kore irin na hanyar nan ba. Itatuwan kwakwar manja a jere, layi bayan layi, tudu bayan tudu, kamar wani ya tsefe ƙasar ya yi mata kitso. Ruwan sama ya sauko ba iska ba hadari, ya ɗauke kamar yadda ya zo. Ba wanda ya leƙa taga ya ce alhamdulillahi. Na yi gyangyaɗi, na yi mafarki motar ta gangara cikin tafkinmu tana tafiya a ƙarƙashin ruwa, Kawu ne ke tuƙi, kifaye suna tsaida shi a hanya suna neman takardu. Da na farka na duba agogo na cire bakwai. An yi assalatu a gida. Inna ta ɗauki na huɗu.

Mersing garin masunta ne. Tun daga tasha na ji ƙarnin kifi da hayaƙin inji, zuciyata ta ɗan saki. Na ja akwati zuwa inda jiragen ruwa ke tsayawa, na miƙa shuɗiyar takardata. Saurayin da ke wurin ya juya ta gaba da baya, ya kira wani, wancan ya kira wani. Suka ce jiragensu tsibiran da ke kusa suke zuwa, masu yawon shaƙatawa suke kaiwa. Babu jirgin fasinja zuwa Kuching, daga nan ko daga wani wuri. Ɗayansu ya ce takardar ba ta kowa ba ce. Bai yi dariya ba, na gode masa da wannan har yau.

Na bi bakin ruwa har inda kogin garin ya shiga teku. A nan na fara ganinsa.

Na tsaya ina neman wancan ƙetaren. Idona ya saba: in ka dubi ruwa, ka ɗan ɗaga kai, za ka ga itatuwa, ko hayaƙin wani ƙauye, ko mai shanu. Na ga 'yan tsibirai kamar raƙuma a durƙushe, bayansu kuma babu komai. Ruwa ya tafi har ya zama sama. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Yatsa biyun nan na taswira su ne a gabana.

A nan Hinda ta kira. Ta ce Inna ta fara ganin jiri, jiya da ƙyar ta kai magariba. Ta rage murya ta ce, "Barira, ki saurare ni. Zan kai mata wayar, ki ce kin iso. Kalma ɗaya ce. Zunubin a kaina."

Na ce to.

Na ji takun Hinda, na ji kaji, na ji turmi daga gidan maƙwabta. Sannan muryar Inna, ta yi siriri kamar zare.

"Auta, kin shiga?"

Na buɗe baki. Na shirya kalmar, tana kan harshena. Igiyar ruwa ta zo ta bugi duwatsu ta koma.

"Mi ke wannan ƙara?" in ji Inna.

"Ruwa ne, Inna."

"To ba ki shiga ba. Kada ki fara abin da ba halinki ba. Ni da Ubangijina muka yi magana, ba da Hinda ba. Kin ci abinci?"

Ban ci ba. Na ce mata zan ci.

Wata dattijuwa ce ta tsince ni a wurin, gab da magariba. Tana da rumfar abinci a bakin hanya, ta daɗe tana kallona. Gajeruwa ce, mai faɗin fuska, da farin lulluɓi. Ta yi mani magana da harshensu, ban ji ba. Ta nuna bakinta, ta nuna rumfar. Na girgiza kai don kunya. Sai kawai ta kama hannun akwatina ta yi gaba da shi, dole na bi ta. Mutane suna ce mata Mak Cik, kamar yadda za mu ce Goggo, ni ma na bi su. Ta zuba mani shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa, da soyayyun ƙananan kifi da gyaɗa da yaji. Na ɗauki loma sai na tuna a gida azahar ma ba ta yi ba. Na ajiye. Ta zauna gabana ta naɗe hannu, ta nuna mani ba inda za ta sai na cinye. Na cinye ina hawaye, ita kuma ta ɗauka yajin ne, ta ƙaro mani ruwa.

Lokacin da nake wanke hannu ta ga ƙunshina. Ni na yi wa kaina kafin in taso, irin namu na gida: a yanka leda mai manne siri-siri, a jera ta bisa fata a fitar da zane, a shafe da lalle, in ya kama a ɓare. Tun ina ƙarama nake yi wa 'yan unguwarmu, don aiki ne da ba ya son surutu. Mak Cik ta riƙe hannuna ta juya shi cikin hasken fitila. Ta ce, inai. Na ce, lalle. Ta ce lalle, ta yi dariya, ta rufe rumfarta tun lokaci bai yi ba.

Gidanta na katako ne, a ɗage bisa ginshiƙai, iska na wucewa ta ƙarƙashi. Na tarar da shi cike da mata, ana yankan albasa, ana jera kujeru a waje. Ashe ɗiyarta Aina za a aurar ranar Asabar, Juma'a kuma ranar lalle ce. Aina malamar asibiti ce, tana jin Ingilishi. Ta ce uwarta na tambaya ko zan yi mata irin na hannuna. Na ce zan yi. Ta tambayi abin da ya kawo ni garinsu, na ce ɓatan hanya. Ban ƙara ba. Mutane suna cikin hidimarsu, sun ba ni abinci da shimfiɗa, na ga bai dace in aza musu nawa kayan ba. Na ƙudura in an gama zan roƙi kuɗin motar komawa birni, daga nan kuma ban san mi zan yi ba.

Ina da ƙullin lallen gida a akwati, Inna ce ta daka shi ta tankaɗe. Ranar Juma'a da hantsi na kwaɓa. Da ƙamshinsa ya tashi sai ɗakin ya juye mani: ga bangon katako, ga ruwan sama bisa kwano, amma ni ina tsakar gidanmu ƙarƙashin dalbejiya. Na sa aka sayo leda mai manne da reza. Na zauna na yi ta yanka, matan sun kewaye ni suna kallo, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu kallon mai ɗinkin hula. Na fara da ƙafafun amarya. Na jera mata zanen da muke ce wa ƙashin kifi, na bi gefen da 'yan dungu. Hannuna ya san aikinsa, bai bukace ni ba. Ni ina can ina bin rana. Da aka yi kiran sallar Juma'a a garin na san a gida alfijir ya keto. Na biyar.

Na gama hannayen Aina biyu, an naɗe su, tana zaune ta ɗaga su sama kamar mai addu'a, wayata ta yi ƙara. Hinda ce, tana kuka. Inna ta faɗi a bakin rijiya. An kai ta asibiti a amalanke. Majo ya ce a sa mata ƙarin ruwa, ta ce ba a taɓa ta sai rana ta faɗi. An kira liman, ya gaya mata bakancen da zai cutar da rai ana yi masa kaffara a huta. Ta ce ta ji, ta gode, amma ita ta yi alkawari ne a kan ɗiyarta tana bisa hanya, tana tsoron in ta saki nata gefen a saki ɗayan. Kawu Sallau yana zaune ƙofar asibitin, ya cire hula.

Na ajiye wayar na ɗauki reza in ci gaba da yanka wa ƙanwar ango. Na yanka ledar a karkace, na sake, na ɓata ta.

Aina ta ce, mi ya faru. Na ce ba komai. Ta ce ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta san fuskar ba komai. Sai na faɗa mata, tun daga Maraɗi har shuɗiyar takarda. Ita kuma tana fassara wa matan. Da na ambaci ciwon sukari da azumi biyar, fuskarta ta sauya. Ta yi mani faɗa sosai, irin na yaya da ƙanwa, ta ce tun jiya ina cikin gidan nan da wannan magana a ciki na yi shiru? Mak Cik kuwa da ta ji bakancen ba ta yi mamaki ba. Ta gyaɗa kai, ta faɗi wata magana. Aina ta ce, wai ita ma da haka za ta yi.

Amarya ba ta da hannu, duk suna cikin lalle. Ta kira yayanta, ta sa ya zaro wayarta, tana ba shi umarni da haɓa. Akwai filin jirgi a Johor Bahru, tafiyar kamar awa biyu daga garin. Jirgin yamma ya riga ya cika. Akwai na safiyar Asabar. Na ce ba ni da abin biya. Aina ta ɗaga naɗaɗɗun hannayenta ta ce wannan fa, kyauta na ɗauka zan yi? Ga ƙannenta, ga ƙawaye, ga uwar ango, duk suna jira. Ta ce in yi aikina, su yi nasu.

Na karɓi wayar na duba lokacin sauka, na cire bakwai. Na sake lissafawa. In jirgin bai makara ba, in hanya ta yi kyau, zan iya shiga makarantar kafin sha biyun rana ta gota. A gida lokacin alfijir bai keto ba. In na kira kafin ladan, Inna ba za ta ɗauki na shida ba. In na makara ko da kaɗan ne, na san ta: azumin da ta riga ta ɗauka ba ta ajiye shi.

Na yi wa mata ƙunshi har lallen Inna ya ƙare tas. Da rana ta faɗi a gida Hinda ta rubuto cewa Inna ta sha ruwa, ta yarda an sa mata ƙarin, ta kuma sa an maido ta gida don ta yi sahur a ɗakinta.

Ranar ɗaurin aure kowa na da aiki, don haka mai kai kifi birni aka haɗa ni da shi, wani tsoho maƙwabcinsu. Da asuba Mak Cik ta rako ni har bakin mota, ta cusa mani ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba. Aina ta leƙo ta taga ta buɗe mani tafukanta. Ya kama, ja wur har ya yi duhu, ƙashin kifin ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ban ga bikin ba.

Ni da tsohon ba mu da harshe ɗaya. Ƙanƙara tana narkewa a bayan mota, ƙarnin kifi ya cika gaba, rediyo na karatun Alƙur'ani. Na ji kamar a motar Kawu nake ranar kasuwa. Sau ɗaya na ce masa, Kuching? na buɗe hannuwa alamar tambayar nisa. Ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya yi sama da shi kamar tsuntsu, ya sauke. Shi ke nan.

A jirgi na samu taga. Ƙasa ta ƙare da wuri, shuɗin ya karɓa. Daga sama ba ya motsi, kamar rinannen zane da aka shimfiɗa a bushe. Jiragen ruwa manya sun zama ƙwayar shinkafa. Gajimare yana tafiya a ƙarƙashinmu, kowane da inuwarsa bisa ruwa. Na tuna shamuwa, a lokacin nan suke barin itatuwan garinmu, ba wanda ya taɓa tambayarsu nisan inda za su. Na dubi rana ta taga. Tana hawa, haskenta kuma yana can yana rarrafe yamma, ya ƙetare wani tekun, ya shiga ƙasashen da ban sani ba, yana neman Madarumfa. Ni ina gudu gabas, shi yana gudu yamma, kuma wai tsere muke yi. Sai ga koguna masu launin koko suna murɗawa cikin daji, jirgi ya fara sauka. Abin da ya ci mani kwana uku, ban ko gama shinkafar Mak Cik ba ya wuce.

A Kuching, ko da yake ƙasa ɗaya ce, sai da aka sake duba paspor aka buga hatimi. Layin ya yi tsawo. Ni da ban taɓa roƙon a ba ni wuri ba, na taɓa kafaɗar matar da ke gabana na ce uwata ba ta da lafiya. Ta matsa. Na gaba ma ya matsa. Motar makaranta sai da yamma za ta zo, ban jira ba, na shiga taksi da ɗan abin da ya rage mani. Sha ɗaya ta wuce. Direban mai natsuwa ne, yana tsayawa tun wuta ba ta yi ja ba. Na riƙe waya a hannu, na riga na fito da lambar Hinda. Ruwa ya sauko, motoci suka rage gudu. Sha biyu saura kwata. Saura goma.

Da na hango ƙofar makarantar na danna kira tun motar ba ta tsaya ba. Na fito cikin ruwa, na bar akwati a baya, na wuce mai gadi yana yi mani magana. Na tsallake ƙarfen ƙofar da ƙafar dama, na tsaya a ciki.

Hinda ta ɗauka. Na ji ƙarar kwano, na ji zakara. Ban ji ladan ba.

"Ba Inna wayar," na ce.

"Auta."

"Inna, na shiga. Ƙafafuna biyu suna ciki."

Ta ce ruwan mi take ji kuma. Na ce na sama ne, Inna, wannan na sama ne. Ta ce alhamdulillahi, a hankali, sau uku. Tana rufe baki, daga nesa, ta cikin wayar, ladan masallacin unguwarmu ya ɗaga murya. Na tsaya cikin ruwan tsakar rana ina sauraron asubar gida.

Ashe Kawu Sallau a zauren gidanmu ya kwana. Na ji shi ya shigo yana tambaya ko ni ce, aka ba shi wayar. Ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga. Ya ce Barira, sannu. Ya ce shi dai har yanzu abin bai shiga kansa ba, ƙasa ɗaya a ce babu mota. Ya ce wai don Allah, tsakanin babban birnin nan da garin makarantar, nisan nawa ne?

Na tuna yatsun matar filin jirgi, da isha'in mai kati a wuya, da hannun tsoho mai kifi. Na ce, Kawu, ni ma tun Laraba nake tambaya, kowa da abin da yake ce mani, ban san wanda zan gaya maka ba.

Sai na ji Inna ta ce a miƙo mata.

"Ni na auna shi, Auta," ta ce. "Ban da ukun farko, azumi biyu ne, da sahur ɗin da na yi yanzu a banza. Je ki shiga daga ruwa."